Hukuncin biyan masu sana'ar shara da feshi su tsabtace gidan da aka saya kafin a tare

Tambaya

Na sayi gida a Funtuwa daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi. Ɗakuna biyu daga ciki ya daɗe yana tara masara da waken suya a cikinsu, akwai kuma rijiya da tsohuwar shadda a tsakar gidan. Masu sana'ar wanke gida da feshi sun faɗa mini kuɗin da ya kai na buhun masara uku. Wasu 'yan'uwana sun ce almubazzaranci ne, tunda akwai mata da yara da za su share. Shin wajibi ne in yi irin wannan wankin kafin mu fara salla a gidan? Kuma biyan kuɗin almubazzaranci ne?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Allah Ya sanya albarka a gidan. Biyan masu wannan sana'a halal ne, ba wajibi ba ne, kuma ba ya zama almubazzaranci matuƙar an biya ne domin aikin da mutanen gida ba za su iya yi ba sai sun jefa kansu cikin haɗari. Ga bayanin.

Na farko: tsarkin gidan

Asalin ƙasa da daɓe da bango tsarki ne, har sai an tabbatar najasa ta same su. Kasancewar wani ya zauna a gidan kafin kai ba ya sa gidan ya zama najasa, kuma ƙura da yanar gizo-gizo da tabon mai ƙazanta ce amma ba najasa ba ce. Don haka sallarka ta inganta a kowane ɗaki da ba ka ga najasa a cikinsa ba, ko da ba a wanke shi ba.

Inda aka tabbatar da najasa, ruwa mai tsarki ya isa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya sa aka kwarara bokitin ruwa a wurin, ba a haƙe ƙasar ba. A mazhabar Malikiyya ana wanke najasa har ainihinta ya gushe, kuma launi ko warin da ya ƙi fita bayan an yi ƙoƙari an yafe shi. Kashin awaki da tumaki da ake kiwo a tsakar gida mai tsarki ne a wajensu, tunda ana cin namansu. Kashin ɓera kuwa najasa ne a wajen mafi yawan malamai.

Na biyu: abin da ido ba ya gani

Tsarki abu ne daban, lafiya abu ne daban. Ɗaki yana iya zama mai tsarki a shari'a amma kwana a cikinsa ya kashe yaro. Shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa ko waninsa, kuma magidanci abin tambaya ne a kan iyalinsa. A yankin Funtuwa da Bakori da Ɗandume da Malumfashi, inda da kaka ake mayar da ɗakunan kwana sito, abubuwa huɗu ne suka cancanci a kashe musu kuɗi.

1. Ragowar maganin hatsi. Masu ajiya suna sa ƙwayar da aka fi sani da Phostoxin a tsakanin buhuna. Da ta ji danshi sai ta saki iska mai guba, mai wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, ta bar gari mai launin toka. Wannan garin yakan rage da sauran ƙarfi. Wanda ya gan shi a lungun ɗaki kada ya watsa masa ruwa, domin ruwan ne ke tayar da gubar. A buɗe ƙofa da tagogi, a hana yara shiga, a kira malamin gona ko duba-gari ya kwashe. Haka nan tsofaffin kwalaben maganin ƙwari da na ciyawa, kada a wanke su a zuba ruwan sha ko man girki.

2. Ɓeraye. Inda hatsi ya daɗe, ɓera ya yi gida a silin da ramukan daɓe. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma ya fi yawa da rani. Sharar busasshen kashin ɓera da tsintsiya tana tayar da ƙurarsa a shaƙa. Abin da ake yi shi ne a jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa, a bar shi kamar minti biyar, sannan a kwashe da safar hannu da takunkumi. Bayan haka a toshe ramuka da siminti, in ba haka ba kuɗin feshin ya tafi a banza.

3. Rijiya. A fiƙihun Malikiyya ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar najasa ba ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ba, kuma idan dabba ta mutu a rijiya ruwan bai canza ba, mustahabbi ne a ja wani abu daga cikinsa gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan. Wannan hukuncin alwala ne. Batun sha kuwa, ruwa yana iya zama garau alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifod. Masana tsabtar ruwa suna so a sami tazarar mita 30 tsakanin rijiya da shadda, kuma gidajen cikin gari kaɗan ne suke da wannan filin. Rijiyar da aka daɗe ba a ja ba tana buƙatar yasa, da maganin kulorin, da murfi. Masu yasa na sana'a ne za su shiga, domin iskar ƙasan rijiya takan shaƙe mutum.

4. Shadda da kwata. A duba ko ta cika, ko bangonta ya tsage, ko murfinta ya ruɓe. Kwashe ta aikin masu mota ne ko masu sana'ar, ba a tura yaro.

Na uku: inda kuɗin suke tafiya

Farashi yana sauyawa da girman gida da lokaci, amma abubuwan da ake biya sanannu ne: ladan ma'aikata, kuɗin magani, ruwan da za a saya wajen 'yan garuwa idan rijiyar ba ta shiga aiki ba, kwashe shara zuwa bola, da kuɗin mota idan daga Zariya ko Kano aka ɗauko masu aikin. Ka nemi a rarraba maka kuɗin kashi-kashi, kada ka karɓi jimla ɗaya. Da ka ga rabon za ka gane cewa shara da goge tagogi da wanke daɓe da shafa farar ƙasa ayyuka ne da iyali da maƙwabta suke iya yi, kuma a nan 'yan'uwanka suna da gaskiya. Abubuwa huɗun can su ne na masu sana'a. Ka auna kuɗinsu da na jinyar mutum ɗaya a asibiti da kwanakin gona da za a rasa.

Aikin ya fi sauƙi da arha tun gidan yana fanko. Da zarar an shigo da gado da katifa da kayan ɗakin mata, kuɗin cizo da kyankyaso sun sami maɓoya, feshi ɗaya ba zai isa ba, sai an sake fitar da kaya. Jerin aikin shi ma yana da muhimmanci: a fara da kwashe ragowar guba a bushe, sai silin, sai gyaran ramuka da shadda da rijiya, sai wanki, feshi ya zo ƙarshe, a bar gidan ya sha iska kafin a tare.

Almubazzaranci shi ne kashe dukiya a inda ba ta da amfani, ko wuce gona da iri a inda take da shi. Wanda ya ci bashi ko ya sayar da abincin shekarar iyalinsa don a goge masa tayil ya yi ƙyalli baƙi su yaba, ya kusanci wannan. Wanda ya biya don a raba 'ya'yansa da guba ya ciyar ne a kan iyalinsa, kuma yana da lada idan ya kyautata niyya.

Na huɗu: sharuɗɗan jingar

Wannan ciniki ijara ce, kuma sharaɗinta aiki ya zama sananne, lada ya zama sananne tun kafin a fara. Ku faɗi yawan ɗakuna, da ko silin da rijiya da shadda suna ciki, da wanda zai kawo magani da ruwa, da ranar gamawa. Rubutawa da shaidu ya fi. Ka nemi ganin kwalbar maganin da lambar NAFDAC a jikinta, ka ƙi haɗin da aka ɗura a gorar ruwa babu suna. Maganin da aka yi don gona ba na ɗakin kwana ba ne. Kada a gauraya bilic da wani maganin wanke bayi, domin haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. Idan sun gama ka biya su nan take. Jinkirta haƙƙin ma'aikaci ga mai hali zalunci ne.

Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka irin maganin da ya sa a ɗakunan da lokacin da ya sa na ƙarshe. Wajibi ne ya faɗi gaskiya. Datti na fili da ka gani kafin ciniki ba ya ba ka damar neman ragi. Amma idan ya ɓoye aibin da yake rage darajar gida, kamar shaddar da take tsiyaya cikin rijiya, kana da haƙƙi a kansa, ku warware tsakaninku ko a gaban alƙali.

Abin da wasu suke yi na yanka dabba a bakin ƙofa domin aljanun gida haramun ne, yanka ga Allah kaɗai ake yi. Abin da ya tabbata shi ne ambaton Allah yayin shiga, da karanta Suratul Baƙara a cikin gida, da yin nafiloli a cikinsa.

Allah ne Mafi sani.