Sahihi da Batili Game da Allurar Karkacewar Wuya

Daga cikin lalurorin da jita-jita ta dabaibaye akwai wadda likitoci ke kira distoniyar wuya, wato ɗaurewar naman wuya ba da nufin mai shi ba, har kai ya juya gefe guda ko ya kwanta bisa kafaɗa, galibi tare da zogi da makyarkyata. Masu cewa shafar aljani ce, ko ragowar sanƙarau, ba su da hujja, domin asalin illar yana sashen ƙwaƙwalwa mai tsara motsi, ba ta kuwa zuwa da zazzaɓi. Wanda kuma ya ga majinyaci ya taɓa haɓarsa da yatsa kansa ya miƙe, kada ya tuhume shi da ƙarya, alama ce sananniya ta cutar.

Zancen cewa guba ake ɗura wa mutum a allurar da ake yi wa masu wannan cuta yana da asali, amma rabinsa aka faɗa. Haƙiƙa sinadarin botulinum, wanda aka fi sani da Botox, daga wata ƙwayar cuta ake samunsa, sai dai miƙidarin da ake sakawa ƙanƙane ne ainun, aikinsa kuwa shi ne tare saƙon da jijiya ke kai wa nama, sai naman ya saki; hukumar magunguna ta Amurka ma ta halatta shi ga wannan cuta tun shekarar 2000.

Abin da ya fi damuna shi ne masu yanke ƙauna suna cewa allurar ba ta karɓe su ba, alhali sau da yawa ba ta isa inda ya kamata ba ne. Wani naman da ke juya kai yana can ƙarƙashin ƙeya, wani a gaban ƙashin wuya, maƙwabcin manyan hanyoyin jini, inda hannu ba ya iya lalubowa. Saboda haka ƙwararren likita yakan nemi jagorar na'urar hoto irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, ko wadda ke sauraren lantarkin nama, domin ya tabbatar bakin allura ya sauka a naman da ke da laifi, ya kuma kauce wa jijiya.

Amma da'awar warkewa har abada batili ce. Sauƙi yakan bayyana cikin mako ɗaya ko biyu, ya gushe bayan kimanin wata uku, sai a maimaita. Wasu sukan gamu da wahalar haɗiya ko raunin wuya na ɗan lokaci, wanda kuwa abin ya tsananta masa, ko numfashinsa ya yi nauyi, wajibi ne a gaggauta kai shi asibiti.