Binciken Ciwon Dajin Fata: Nauyin Da Ya Rataya A Wuyan Marasa Inshora A Ashige

A gundumar Ashige ta ƙaramar hukumar Lafiya a Jihar Nasarawa, kamar sauran yankunan karkara na jihar, noman doya da riɗi da agushi da shinkafa shi ne ƙashin bayan tattalin arzikin jama'a. Aiki ne na yini guda cur a cikin rana. Ga mafi yawan manoma wannan wahala ce da aka saba da ita, amma ga zabiyoyi, waɗanda fatarsu ba ta da sinadarin da ke kare jiki daga kaifin hasken rana, kowace damina tana ƙara kusantar da su ga ciwon dajin fata, cutar da likitoci suka daɗe da tabbatar da cewa tana kan gaba wajen hallaka zabiyoyi tun suna da ƙuruciya a ƙasashen Afirka.

Cutar ba ta faɗowa dare ɗaya. Takan fara ne da ɗan kaushi ko ɓawo a fuska, ko kunne, ko leɓe, ko wuya, ko bayan hannu, wanda ba ya zafi, ba ya kuma hana aiki. A wannan mataki likitan fata yana iya gane shi da ido, ya kuma kashe shi cikin 'yan mintoci ta hanyar daskarar da wurin da wani sinadari mai tsananin sanyi. Idan akwai shakka, sai a yanki ɗan ƙaramin nama a aika ɗakin gwaje-gwaje. Amma idan aka bar shi shekara da shekaru, sai ya zama gyambo mai cin nama, wanda sai an yi babbar tiyata, wani lokaci har da dashen fata da gashi da na'ura. Saboda haka ne masana ke ba zabiyoyi shawarar a riƙa duba fatarsu sau ɗaya ko sau biyu a kowace shekara.

Ba zabiyoyi kaɗai abin ya shafa ba. Masu baƙar fata ma sukan kamu, musamman a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, ko kuma a kan tsohon tabon ƙuna da gyambon da ya ƙi warkewa. Sau da yawa akan ɗauka sammu ne ko tuntuɓe, a yi ta magani a gida har lokaci ya ƙure.

Matsalar ita ce wanda zai biya kuɗin binciken. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan kiwon lafiya a Nijeriya daga aljihun marasa lafiya da iyalansu yake fitowa. Magidancin da ba shi da inshora zai biya kuɗin mota zuwa garin Lafiya, da kuɗin kati, da na ganin likita, da na gwaji idan an buƙata, ga kuma asarar aikin yini. Ƙananan asibitocin karkara ba su da likitocin fata, waɗanda ko a birane ma ƙalilan ne, don haka tilas a nufi manyan asibitoci irin waɗanda ke garin Lafiya, ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. Idan kuwa cutar ta kai ga gashi da na'ura, sai an dangana da wurare kamar Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja.

Tun daga shekarar 2023, lokacin da aka janye tallafin man fetur aka kuma bar kasuwa ta yanke darajar naira, kuɗin sufuri da na magungunan da ake shigowa da su daga waje sun yi tashin gwauron zabi. Man shafawa mai kare fata daga rana yana cikin irin waɗannan kayayyaki, kuma abu ne da zabiya ke buƙata kullum har iyakar rayuwa. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, da wuya ya sayar da buhun riɗi saboda ƙurjin da ba ya ciwo. Amma idan ƙurjin ya zama gyambo, abin da ake sayarwa ya wuce buhu: akan kai ga dabbobi, da babur, har da gona.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri iri-iri. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, da doka mai lamba 35 ta 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005, sai dai akasarin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. Ita ma Jihar Nasarawa tana da tata hukumar inshorar lafiya, NASHIA, mai karɓar manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Duk da haka mafi yawan mazauna karkara ba su shiga ba.

Ta fuskar zabiyoyi kuwa, gidauniyar Albino Foundation da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta samu amincewar gwamnatin tarayya na yi musu maganin ciwon dajin fata kyauta a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, shirin da daga baya ya yi ta cin karo da matsalar kuɗi. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da aka fara a 2021 ya soma ne da na mama da bakin mahaifa da mafitsarar maza. Wato galibin tallafin ya karkata ga magani bayan cuta ta bayyana, alhali matakin da ya fi araha, na bincike da rigakafi, an bar wa iyali.

Akwai darasi daga ƙasar Tanzaniya, inda aka fara haɗa man kariyar rana mai suna Kilisun a cibiyar horar da likitocin fata da ke Moshi, ana rarraba shi ga zabiyoyi tare da kai musu likitoci har yankunansu lokaci-lokaci. Bugu da ƙari, a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man kariyar rana cikin jerin muhimman magunguna, matakin da ya ba masu fafutuka hujjar neman a daina ɗaukarsa a matsayin kayan kwalliya wajen haraji da sayayyar gwamnati.

A nan 'yan kasuwa suna da rawar takawa. Ƙungiyoyin dillalan doya da riɗi, da na 'yan adashe, suna iya yi wa mambobinsu rajistar inshora a ƙungiyance bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, tare da tambaya ƙarara ko yarjejeniyar ta ƙunshi ganin likitan fata da gwajin nama, domin inshora ba ta ɗauke dukan kuɗin maganin ciwon daji. Masu kantin magani da masana'antun man shafawa suna da kasuwar da har yanzu kayan waje suka mamaye. Teloli da masu saƙar malafa suna iya samar da riguna masu dogon hannu da malafa mai faɗi, waɗanda su ne kariya mafi sauƙin kuɗi. Mai shago ko injin niƙa da ya ɗauki matashi zabiya aiki a cikin inuwa ya rage masa haɗarin da gona ke jawowa.

A ranar 13 ga Yunin kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin zabiyoyi tun daga 2015, ƙungiyoyi kan shirya binciken fata kyauta a wasu birane. Mazauna wurare irin su Ashige suna buƙatar irin wannan bincike ya riƙa iske su a asibitin da ke kusa da su, kuma a san wanda zai biya kuɗinsa tun kafin ranar ta zo.