Farautar Manyan Namun Daji a Ƙasar Lagdo: Iyakar da Aka Sa wa Baƙin Maharba

Hausawa sun bambanta farauta da harbi. Farauta ta taron jama'a ce, da karnuka da gora, ana fita da rani bayan an kau da amfanin gona. Harbi kuwa sana'ar mutum ɗaya ce, wato maharbi, wanda ya san daji ya kuma san halin namansa. Abin da ake yi a dazuzzukan kudu da Lagdo, a Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, ya fi kusa da harbi. Sai dai maharbin baƙo ne daga Turai ko Amurka, wanda ya sauka a filin jirgin saman Garwa da bindigarsa. Ba nama ya kawo shi ba. Ƙaho da fata yake so, ya kai gida ya rataye a bango.

Akwai manyan gandayen daji uku a yankin. Na Binuwai yana da hekta 180,000, na Buba Njida 220,000, duka biyun an kafa su a 1968. Na Faro, mai hekta 330,000, ya biyo baya a 1980. Ba a harbi a cikinsu ko kaɗan. Amma an kewaye su da yankunan farauta kimanin talatin, kowane da lambarsa. Idan aka haɗa su da gandayen, sun haura kashi 40 cikin 100 na ƙasar yankin. Gwamnati kan ba da hayar yanki ga wani jagoran farauta, galibi Bature, shi ke gina sansani, ya ɗauki masu bin sawu da masu gadi.

Dokar gandun daji ta 1994, wadda sabuwa ta maye gurbinta a 2024, ta kasa namun daji aji uku. Aji na farko an tsare shi gaba ɗaya, kamar raƙumin dawa. Na biyu ana iya harbinsa da lasin, kuma a nan ɓauna da gwanki da kanki suke. Na uku ƙananan dabbobi ne.

Lasin ɗin ba kuɗi ɗaya ba ne ga kowa. Da na ɗan ƙasa, da na baƙo mazaunin ƙasar, da na ɗan yawon buɗe ido, kuma na ƙarshen shi ya fi tsada nesa ba kusa ba.  Sa'an nan lasin babbar farauta ba ya nufin ya harbi duk abin da ya gani. Biyu kacal aka saba yarje masa daga cikin manyan dabbobi, da huɗu daga matsakaita. Kowace dabba da nata kuɗin harbi daban. Wadda ya ji wa rauni ta tsere, an lissafa masa ita tamkar ya kashe. Tsofaffin maza ake so ya nema, ba mata ko 'ya'ya ba.

Akwai wata iyakar a kan wannan. Kowace shekara ma'aikatar gandun daji da ke Yawunde tana yanka wa kowane yanki adadin da za a harba na kowace irin dabba. In adadin ya cika, shi ke nan, ko nawa baƙo ya zo da shi. Lokacin farautar ma rani ne, daga Disamba har gab da faɗuwar damina. Dabbar da aka fi rububi ita ce wadda Fulani ke kira yamusa, wani ƙaton dangin gwanki mai murɗaɗɗen ƙaho, wanda ƙasashe kaɗan ne suka rage da shi.

To, ina mutanen wurin? Tun da aka gama madatsar ruwan Lagdo a 1982, masunta da manoma suka riƙa kwararowa, musamman daga Arewa Mai Nisa, suna neman gonar masara da auduga. Makiyaya ma suna bukatar burtali da mashaya. Duk sun tarar da dajin yana hannun mai haya. Tsarin da aka bi shi ne a raba kuɗin hayar: kashi 50 na gwamnati, 40 na ƙaramar hukuma, 10 na ƙauyukan da ke maƙwabtaka. Ga manomin da giwaye suka tattake wa gona dare ɗaya, kashi 10 ɗin da za a raba tsakanin ƙauyuka ba ya share hawaye.

Iyakar baƙo ta ƙidaya ce da kuɗi, ta ɗan gari kuwa ta fi tsauri. Dokar zartarwa ta 1995 ta bar masa abin da ta kira farautar gargajiya: ƙananan dabbobin aji na uku, don tukunyar gida ba don kasuwa ba, kuma da makamin da aka yi da itace ko wani tsiro. Bisa zahirin wannan magana, bindigar toka ba ta ciki, haka ma kibiya mai kan ƙarfe, wadda maharbin Hausa ya gada kaka da kakanni.