Tsohuwar zuma a gidan aure: nazarin fim ɗin Kabhi Kabhie (1976)

1. Gabatarwa

Hausawa kan kira masoyin da aka rabu da shi "tsohuwar zuma", daga karin maganar nan mai cewa da tsohuwar zuma ake magani. A cikin wannan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda Kabhi Kabhie, fim ɗin Indiya da Yash Chopra ya shirya a 1976, ya ɗauki wannan batu. Manufarmu ita ce mu nuna cewa babbar tambayar fim ɗin tana kan miji: me zai yi ranar da ya san matarsa ta taɓa son wani kafin shi?

Da dalili muka zaɓi fim ɗin Indiya. Tun shekarun 1950 ƴan kasuwa na Labanan suka fara shigo da irin waɗannan finafinai gidajen silima na arewacin Najeriya. A maƙalarsa ta 1997 cikin mujallar Africa, Brian Larkin ya nuna cewa Hausawa ƴan kallo sun ga matsalolin gidajensu a cikinsu, musamman saɓani tsakanin zaɓin iyaye da son ƴaƴa, wanda kuma shi ne ginshiƙin littattafan soyayya na Kano.

2. Zubin labarin

Amit (Amita Bacan) mawaƙi ne mai son Fuja (Rakhi). Iyayenta suka ba da ita ga Bijay (Shashi Kafur), mai zanen gine-gine. Masoyan biyu ba su yi ma iyaye tawaye ba, sun rabu da yardar juna. Amit ya bar waƙa, ya shiga sana'ar mahaifinsa, ya auri Anjali (Wahida Rahman).

Bayan shekara ashirin ko fiye, ƴaƴa suka sake haɗa gidajen biyu. Biki, ɗan Fuja da Bijay, yana son Finki. Ita kuwa Finki ta gano cewa waɗanda suka rene ta ba su suka haife ta ba. Uwarta ita ce Anjali, wadda ta haife ta kafin ta auri Amit. Da yarinyar ta zo gidan, Anjali ta gabatar da ita a matsayin ƴar dangi, don tsoron mijinta.

A nan ya kamata mu lura da daidaiton zubin. Kowane gida yana da sirri guda, kuma kowane miji zai ji na matarsa.

3. Maza biyu, hukunci biyu

Bijay mai sha'awar waƙoƙin Amit ne. Har a daren aurensa waƙar Amit ce Fuja ta rera, alhali ango bai san wa aka yi ma waƙar ba. Ɗan kallo ya sani, shi ya sa yake jiran ranar tonon asiri da fargaba. Amma da Bijay ya gane gaskiya, bai saki matarsa ba, bai kuma tsani Amit ba. Ya auna shekarun da suka yi tare da abin da ya wuce kafin ya san ta, ya ga na farkon ya fi nauyi.

Amit kuwa, wanda ya shekara ashirin yana riƙe da Fuja a zuciya, da ya ji sirrin Anjali sai ya juya mata baya. Abin nan ne na laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Wanda ɗan kallo ya ɗauka shi ne gwarzon soyayya, shi ne ya kasa yafiya. Wanda aka zaci shi ne ya raba masoya, shi ne ya nuna dattako. Sai daga baya Amit ya gane cewa abin da yake tuhumar matarsa da shi, yana ɗauke da irinsa, sa'an nan suka shirya.

Waƙa ita ce igiyar da ta ɗaure zamanin da da na yanzu. Sahir Ludhianvi ya rubuta baitocin, Khayyam ya sa musu kiɗa. Babbar waƙar fim ɗin ta zo da muryar namiji lokacin soyayya, ta komo da muryar mace a ɗakin amarya: kalmomin ba su sake sosai ba, ma'anar ce ta juye.

4. Kammalawa

Fim ɗin bai mayar da Fuja ga Amit ba. Aurarrakin biyu sun tsaya, aka bar ma Biki da Finki zaɓin da iyayensu suka rasa. Saboda haka muna ganin kuskure ne a karanta shi a matsayin yabon tsohuwar zuma kawai; ya fi kusa da jarrabawa ga adalcin miji.

Wannan ya buɗe ma ɗalibanmu hanyar bincike. A al'ummar da ta san saki da zawarci da kome, mata da yawa kan shiga gidan miji da tarihinsu. Zai yi amfani a bi littattafan soyayya da finafinan Hausa ɗaya bayan ɗaya, a ga wane miji suka fi zanawa, Bijay ko Amit, da kuma wanda suke ba gaskiya a ƙarshe.