Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Ta Shiga Aikin Auna Ƙasar Noma

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Minjibir ko Gezawa da damina zai ga gona na bin gona, da wuya ya hangi saura. Tun shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi nazarin wannan yanki, inda ake noma gero da dawa da wake kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfin ƙasa da kashin dabbobi da toka da sharar birni.

To, amma yau takin zamani ya yi tsada. Manomin da ya sayi buhun da gonarsa ba ta buƙata ya yi hasara biyu, ga kuɗi sun tafi, ga rumbu bai cika ba. Maganin wannan shi ne a auna ƙasa tukuna.

A da, aikin awon nan wahala ne tsantsa. Ma'aikaci zai jiƙa ƙasa da magunguna, ya auna tsaminta da kowane sinadari ɗaya bayan ɗaya, ya yi lissafi da hannu, gobe ya sake. Yanzu kuwa akan shanya ƙasar a niƙa, a haska mata wani haske da ido ba ya gani, domin kowace ƙasa da yadda take mayar da shi. Daga nan sai kwamfuta ta bi matakan da aka jera mata kamar sarƙa: ta karɓi awon, ta tace shi, ta gwada shi da na dubban samfurorin da aka auna ta tsohuwar hanya, kana ta ba da amsa. Yadda ta yi wa na farko haka za ta yi wa na dubu, kuma kowane masani na iya bin sawun lissafin ya gano kuskure.

Shirin AfSIS ya fara yaɗa wannan dabara a Afirka a 2009. A 2020 ƙungiyar iSDA ta fitar da taswirar ƙasar noma ta nahiyar, mita 30 bayan mita 30, bisa samfurori fiye da 100,000.

Sai dai taswira kintace ce. Ba ta san gonar bayan gida ta sha taki, ta nesa kuwa ba ta samu ba. Saboda haka tilas malamin gona ya ɗebo ƙasa daga wurare da yawa cikin gonar, ya gauraya, ya kuma saurari mai ita. In aka ɓata ɗibar farko, na'ura za ta yi ta maimaita kuskuren ne da sauri, manomi kuwa shi zai biya.