Kwamfuta a Tiyatar Jijiyar Gwiwa: Ina Amfaninta Ya Tsaya?

Idan jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ta tsinke, kamar yadda ke yawan faruwa ga 'yan ƙwallo, galibi ba a ɗinke ta. Likita kan ciro wata jijiya daga jikin majinyacin, ya huda ƙashin cinya da na ƙwauri, ya zura ta ciki. Wuyar aikin tana wurin hudar nan, domin kuskuren 'yan milimita kan sa sabuwar jijiya ta saki ko gwiwa ta ƙi miƙewa, kuma shi ne babban kuskuren hannu da ke sa a sake tiyatar. Saboda haka likitoci a Grenoble ta Faransa suka fara jarraba kwamfuta a shekarun 1990: a kafa alamomi a ƙasusuwan biyu, kyamara ta bi motsinsu, allo ya nuna wa likita inda zai huda.

Ra'ayina shi ne, na'urar ma'auni ce mai kyau, amma ba ta kai a kira ta dole ba. Masu goyon bayanta za su ce ai lissafi ya fi ido, kuma da gaskiyarsu wajen koyar da sababbin likitoci da gyaran tiyatar da ta lalace. Sai dai nazarin ƙungiyar bincike ta Cochrane na 2014 bai sami shaidar cewa majinyata sun fi warkewa da ita ba. Abin da ya tabbata shi ne tana ƙara lokacin tiyata, ga ƙarin huda don kafa alamomin, ga tsada. Asibitin da kuɗinsa ke da iyaka ya fi dacewa ya fara zuba su a horar da likitoci da gashin ƙashi na bayan tiyata.