Fitila Ma Kayan Jere Ce

In za a yi wa amarya jere, iyaye sukan sha wahala wajen gado da kujeru da labule da kwanuka, amma sau da yawa in ka ɗaga kai sai ka ga ƙwan lantarki yana reto tsirara a tsakiyar ɗaki. Da dare ya yi, haskensa ya dinga kashe ido, duk adon nan kuwa ya dushe. A wasu ƙasashe akwai gwanaye waɗanda ƙera fitilun ƙawa ita ce sana'arsu, har ana ajiye aikinsu a gidajen adana kayan fasaha. Bari mu duba kaɗan daga cikinsu, mu ga abin da uwargida za ta ƙaru da shi.

Na farko shi ne Poul Henningsen, mutumin Denmak. Ya taso a gidan da ake kunna fitilar kananzir, saboda haka da lantarki ya zo sai ya ga haskensa ya cika kaifi. Ya yi shekaru yana neman dabarar tausasa shi. A 1958 ya fito da fitilar da ake kira PH 5, mai faɗin santimita 50. An jera mata marufai kamar an kifa kwanuka wani bisa wani, ta yadda duk inda mutum ya zauna ba zai hangi ƙwan ba, sai dai hasken ya bugi marufan sa'an nan ya sauko a hankali. Har yanzu ana ƙera ta.

Sai Isamu Noguchi, masassaƙi, wanda uwarsa Ba'amurkiya ce, ubansa Bajapane. A 1951 ya ziyarci garin Gifu na Japan, wanda ya yi suna wajen fitilun takarda da ake sa wa kyandir. Sai ya sake musu fasali, ya sa musu ƙwan lantarki, ya kira su Akari, watau haske. Da siraran tsinken gora ake yin haƙarƙarinsu, a lulluɓe da takardar hannu da aka yi da ɓawon itace. Ba su da nauyi, ana kuma iya ninke su a shimfiɗe. Har gobe da hannu ake yinsu a garin.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce PET Lamp, ta Álvaro Catalán de Ocón, mutumin Sifen. Ya fara ta a 2012 tare da masu saƙa na Kolombiya. Robar ruwa da aka yar ake tsintowa, a tsattsaga jikinta siri-siri, sa'an nan a saƙa ciyawa ko zare mai launi a tsakanin tsagar, kamar yadda ake saƙa kwando. Bakin robar kuwa a bar shi, ta nan wayar wuta ke shiga. Aikin ya kai Habasha, kuma a 2019 ya iso Bolgatanga a arewacin Gana, inda aka san su da saƙar kwanduna. Yau fitilun da masaƙan nan suka yi suna rataye a manyan gidaje da otal-otal na Turai, ana sayensu da tsada. To, wadda ta iya ɗinkin faifai da saƙar kaba, ko fafe ƙwarya da yi mata zane, ai ta ga cewa sana'ar hannunta tana da wata ƙofa.

Ga inda wuta ba ta zama kuwa, akwai Little Sun, wadda Olafur Eliasson da injiniya Frederik Ottesen suka fitar a 2012. 'Yar ƙarama ce, ruwan ɗorawa, mai siffar fure. A shanya ta a rana, da dare ta ba da haske. Ba hayaƙi, ba lagwani, ba kuɗin kananzir.

Uwargida, ba sai kin sayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin lura shi ne a damu da lafiyar ido kafin ado. Saboda haka ki sa wa ƙwan ɗakinki marufi. In za ki sayi ƙwai, duba jikin kwalinsa: mai lamba 2700K haskensa ja-ja ne mai taushi, ya dace da ɗakin kwana da falo, mai 4000K zuwa sama kuwa fari ne, ya fi kyau a madafa. 'Yan makaranta, ku nemi ƙaramar fitila a wurin karatu. Mai rubutu da dama ta ajiye ta a hagu, don kada inuwar hannu ta rufe littafi.

Amma fa a yi hattara. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, yana iya babbake takarda ko kaba. Marufin saƙa sai da ƙwan LED, wanda ba ya zafi sosai, ga shi kuma da ƙarancin shan wuta. Ko shi ma a bar tazara tsakaninsa da marufin, a bar kafa a sama inda ɗumi zai fita. Kada ko kusa a kifa ƙwarya ko faifai a kan fitilar ƙwai, ko aci-balbal, ko kyandir, domin gobara ba ta sallama. Haɗa waya kuwa aikin mai gyaran wuta ne, kada a bar wa yara.

Wadda ke shirin aurar da 'ya, lalle ta sa fitila cikin lissafin kayan ɗaki tun da wuri. Sai mun sake saduwa.